Bayan canjin gwiwa: abin da ya kamata ku sani game da na'urorin da ke auna tafiyar majinyaci

Aikin canjin gwiwa ba ya wuce awa ɗaya zuwa biyu a ɗakin tiyata, amma koyon tafiya da sabuwar gwiwar yana cin watanni, wani lokaci har shekara. Kuma mafi yawan wannan lokaci a gida majinyaci yake yin sa, inda idon likita ba ya kaiwa. Wannan tazara ta fi nauyi a kan mutumin Gaya da Ajingi. Wurin da aka fi sani da irin wannan aiki a jiharmu ta Kano shi ne Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959, kuma tsakaninsa da Gaya akwai fiye da kilomita 60: a bi ta Wudil, a haye gada, a kutsa cunkoson birni. Wanda ke Toranke ko Balare sai ya fara neman abin hawan da zai fito da shi bakin titi tukuna. A ɗauki dattijuwar da ɗinkinta bai daɗe da kamewa ba, a matse ta a bayan motar haya da mutum huɗu a kujera, gwiwa a lanƙwashe tun daga tasha. Wanda ya sha wannan sau ɗaya, da wuya ya yi ɗokin ranar komawa ganin likita. Waɗanda suka je Indiya ko Masar aka yi musu aikin kuwa, da zarar jirgi ya sauka a Kano, yawanci alaƙarsu da likitan ta koma 'yan gaishe-gaishe a waya.

Don cike irin wannan giɓi ne aka ƙirƙiro ƙananan na'urori da ake ɗaura wa majinyaci a jiki, su riƙa auna yadda yake tafiya suna aika wa likita. Ba su zama ruwan dare a asibitocinmu ba tukuna, amma wani ɓangare na fasahar yana cikin aljihun mutane da yawa ba su sani ba.

Me ake yi wa gwiwar?

Mutane da yawa sun ɗauka ana cire gwiwar ne gaba ɗaya a sa ta ƙarfe. Abin bai kai haka ba. A ƙarshen ƙashin cinya da na ƙwauri akwai guringuntsi mai santsi wanda ke hana su gugar juna. Idan tsufa, ko ƙiba, ko tsohon rauni, ko wahalar shekaru ta cinye shi, sai ƙashi ya riƙa goga ƙashi. Shi ne ciwon da akan kira sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai, wanda ke sa ƙafar wasu tsofaffi ta gwame. Likita yana fere saman ƙasusuwan biyu ne, ya lulluɓe su da ƙarfe, ya sa roba mai tauri a tsakani, ya kafe su da wani siminti na musamman na ƙashi. Salon da ake bi yau ya samo asali ne daga wanda John Insall da abokan aikinsa suka fito da shi a New York wajajen 1974. A Amurka kaɗai ana yin aikin fiye da sau 700,000 a shekara. Wani bincike da masanan Jami'ar Bristol ta Ingila suka fitar a mujallar Lancet a 2019 ya nuna cewa kashi 82 cikin 100 na irin waɗannan gwiwoyi suna kai shekara 25 ba a sake su ba.

To amma akwai wani adadin da ba a cika faɗa wa majinyaci ba: kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya gamsuwa da sakamakon. Wani ciwon bai tafi duka ba, wani gwiwar ta ƙage, wani kuma ɗingishin ya zauna masa. Wani sashe na wannan yana da nasaba da abin da ya faru, ko ya ƙi faruwa, a makonnin farko. A wata na farko bayan aiki, babbar tsokar gaban cinya takan rasa kusan kashi 60 cikin 100 na ƙarfinta. A daidai wannan lokaci kuma naman tabo yana haɗuwa a cikin gwiwar, idan ba a lanƙwasa ta ana miƙe ta kullum ba sai ya ɗaure ta. Likitoci suna son ganin gwiwa ta kai digiri 90 a makonnin farko, wato lanƙwasar da ƙafa ke yi idan mutum ya zauna a kujera. Idan ta ƙi, akan sa majinyaci barci a lanƙwasa ta da hannu, kuma wannan ya fi yin amfani kafin a cika wata uku. Bayan nan gyaran yana ƙara wuya. Ke nan wanda ya ɓace wa asibiti wata huɗu ya dawo da gwiwa a sandare, ya riga ya yi asarar lokacin da ya fi tsada.

Ga kuma halinmu. Mai gashin ƙashi ya tambaya, "Baba, yaya ƙafar?" Baba ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." "Kana tattakin da na ce?" "Ina taɓawa, ɗana." Shi ke nan, an gama bayani. Ba ƙarya Baba ya yi ba, tarbiyya ce da dauriya, ba a saba kai kukan jiki gaban yaro ba. A gida kuwa ƙauna ce take yin ɓarnar. Hajiya ta yunƙura za ta tashi ta ɗauko buta, sai 'yarta ta ce, "A'a Inna, ki zauna, me za a kawo miki?" Masu dubiya suna shiga suna fita tun hantsi har la'asar, ita kuma tana kishingiɗe, an tura mata matashi a ƙarƙashin gwiwa don ta ji daɗi, alhali wannan matashin yana cikin abubuwan da ke hana gwiwa miƙewa sosai. Yini guda ya wuce ba ta yi taku ɗari biyu ba, kowa kuma yana ganin an kula da ita yadda ya kamata. Likita ba shi da hanyar sanin haka daga amsar minti biyu. Gani ya kori ji, kuma ganin ne na'urar take ba shi.

Yadda na'urar take aiki

Girmanta bai wuce kwalin ashana ba, wata ma ba ta kai ba. A cikinta akwai ma'aunin motsi, wanda ke jin duk wani yunƙuri da tsayawa da dirar ƙafa a ƙasa, da ma'aunin juyi, wanda ke jin yadda gaɓa take karkata da saurin karkatarta. Irin waɗannan ne ke sa hoton wayarka ya juya idan ka kwantar da ita. Suna ɗaukar awo sau 50 zuwa 100 a kowace daƙiƙa, su tura wa waya ta Bluetooth, manhaja ta lissafa, sannan sakamakon ya bi intanet zuwa kwamfutar likita.

Idan guda ɗaya ce a ƙugu ko a idon sawu, za ta faɗi yawan takun da aka yi a yini, da saurin tafiya, da tsawon kowane taku, da awannin da aka shafe a zaune. Idan biyu ne, ɗaya a cinya ɗaya a ƙwauri, bambancin karkatarsu shi ke nuna digirin lanƙwasar gwiwa, ba a gadon asibiti kaɗai ba, har a lokacin da mutum yake tafiya ko yake atisayensa.

Abin da ya fi burge ni a cikin awon shi ne na ɗingishi. Mai lafiya, kowace ƙafarsa takan shafe kusan kashi 60 cikin 100 na lokacin taku a ƙasa, kashi 40 a sama, kuma dama da hagu suna tafiya daidai. Wanda ya shekara goma yana kare ƙafa mai ciwo, jikinsa ya koyi saurin ɗauke ta ya jibga nauyi a kan ɗayar. Bayan aiki ciwon yakan tafi, amma sabon ya rage. Ido ba ya kama ɗan ƙaramin bambanci irin wannan, na'ura tana kamawa. Kuma abin ba na ado ba ne, domin gwiwar da ake jibga wa nauyin, sau da yawa ita ma da nata ciwon, ana ƙara gaggauta lalacewarta ne. Saurin tafiya ma yana da ma'ana: babba mai lafiya yakan ci mita 1.2 zuwa 1.4 a daƙiƙa, wanda ya gaza 0.8 kuwa zai sha wuyar tsallaka titi ko kutsawa cikin kasuwa.

A ƙasashen da abin ya yi nisa, kamfanin Zimmer Biomet ya fito da manhajar mymobility a 2018, mai aiki da agogon Apple Watch. Kamfanin Stryker yana da MotionSense, guda biyu da ake mannawa sama da ƙasan gwiwa. A watan Agusta na 2021 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata da ake dasawa a cikin ƙashin ƙwauri tare da gwiwar kanta, ana kiran gwiwar Persona IQ. Batirinta an yi shi ya kai shekara goma, kuma tana aika bayananta ne ga wani ɗan akwati da ake ajiyewa a ɗakin kwana. Wannan ta ƙarshe ta yi mana nisa a kuɗi da kayan aiki, ba kuma ita ce abin da mutanenmu suka fi buƙata ba.

Irin waɗannan awo sun tona wani abu da ya ba likitoci mamaki. Idan aka tambayi mutane wata shida bayan aiki, mafi yawansu za su ce sun samu sauƙi ƙwarai, kuma gaskiya suka faɗa. Amma da aka ƙirga takunsu, sai aka ga da yawa ba su ƙara motsi a kan yadda suke kafin aikin ba. Ciwo ya tafi, zaman bai tafi ba. Wani amfanin awon kuma shi ne gano matsala da wuri. Uwa ta san katin awon jariri: nauyin yau shi kaɗai ba ya faɗin komai, layin da ke hawa wata bayan wata shi ake dubawa, idan ya tsaya ko ya sauko sai ma'aikaciya ta tambayi dalili. Haka likita yake karanta tafiyar majinyaci. Taku yana ƙaruwa mako uku, sai kwatsam ya faɗi rabi, to a kira waya yau, kada a jira ranar asibiti.

Sai dai a faɗi gaskiya, na'ura ba ta warkar da gwiwa. Binciken da aka yi ya fi ƙarfi wajen nuna cewa tana auna abu daidai gwargwado, kuma tana iya rage zirga-zirgar asibiti ba tare da an cutu ba. Ita kanta warakar, atisaye ne da hannun mai gashi suke kawo ta. Bayanan da ba wanda ya zauna ya duba, ba su amfani kowa ba.

Inda take kuskure, musamman a wajenmu

Na'urorin ƙirga taku sun fi yin kuskure ne a kan mai tafiya a hankali, wato daidai mutumin da ake son a auna. Agogon hannu yana dogara da lilon hannu, wanda ya dafa sanda biyu ko keken koyon tafiya kuwa hannunsa ba ya lilo, sai ya yi tattaki agogo ya ce bai motsa ba. A gefe guda, tuƙin tuwo, ko daka, ko fifita da mafici, ko hawa babur a hanyar Kademi mai gargada, duk yana iya ƙirga su a matsayin taku. Na idon sawu ya fi gaskiya, na ƙugu yana bi masa.

Waya ma da nata. Namiji zai jefa ta a aljihun wando ta yini a jikinsa. Mace mai zani ba ta da aljihu, wayar tana kan gado, ko a hannun jika, ko a shagon mai caji. Alhali mata ne suka fi yawa a masu ciwon gwiwa. Ƙaramar jakar ɗamara da za a ɗaura a ƙugu tana magance wannan. Masu mannewa a fata kuwa, a zafin bazara da ke haura digiri 40 gumi yana saɓule su, kuma idan ɗaya ta goce ko kaɗan daga inda aka sa ta, lissafin lanƙwasa ya karkace.

Babban abin da nake so masu kawo mana wannan fasaha su gane shi ne, ma'aunan da ke cikinta an gina su ne a kan mutanen da ke tafiya a daɓe mai santsi, suna zama a kujera, suna kwana a gado mai tsayi. Tafiya a rairayi ko tsakanin kunyoyin gero ta fi cin ƙarfi, dole sauri ya ragu, wannan ba ci baya ba ne. Sannan abin da muke nema a wajen gwiwa ya fi nasu. Tafiya a fili tana buƙatar lanƙwasa kamar digiri 60 zuwa 65, hawa da saukar matakala da tashi daga kujera kamar 90 zuwa 100. Tsugunno da zaman tahiya kuwa suna neman 140 zuwa 150, ko fiye. Gwiwar da aka canza yawanci tana tsayawa tsakanin 110 da 125. Manhaja za ta iya nuna cewa majinyaci ya cika duk sharuɗɗa, shi kuwa yana cikin damuwa domin bai iya sujada yadda ya saba ba, bai iya zama a tabarma cikin tsaransa a ƙofar gida ba, bai iya amfani da masai na tsugunno ba.

Wannan magana a yi ta tun kafin a shiga tiyata. Malamai sun bayyana rangwamen da shari'a ta yi wa wanda ba zai iya tsayuwa ko durƙuso ba, ya yi sallarsa a zaune, ba kuma abin kunya ba ne a gan shi da kujera a sahu. Kafinta zai iya ƙera kujera mai rami a tsakiya a ɗora a kan masai. A ɗaga katifa daga ƙasa, a ajiye kujerar tsugunno gefe. Kada wani ya tilasta wa sabuwar gwiwa durƙuso sai da iznin likitan da ya yi aikin. Kada kuma a kai ta wajen maɗori ya ja ko ya murɗa, ko a yi mata tsaga ko ƙaho. Maɗori yana da sanin karaya, amma wannan ba karaya ba ce, kuma duk abin da ya huda fata kusa da ƙarfen yana iya shigar da ƙwayar cuta, wadda idan ta kama ƙarfe sau da yawa sai an sake buɗe gwiwar.

Abin da za a iya yi yau a tsakar gida

Ba sai an jira kayan Amurka ba. Kusan kowace babbar waya, Tecno ce ko Infinix ko Samsung, tana da ma'aunin motsi, kuma da manhaja irin Google Fit ko Samsung Health za ta ƙirga taku ko babu data. iPhone tun 2020 tana ƙara nuna saurin tafiya da tsawon taku da rashin daidaiton ƙafafu. Sharaɗin kawai a riƙa sa ta wuri ɗaya kullum, aljihun wando ko ɗamara, don kuskuren jiya ya zama irin na yau, a iya kwatantawa.

Ko da ƙaramar waya mai maɓalli ce, tana da agogon ƙirga daƙiƙa, kuma da shi ake yin gwaje-gwajen da masu gashi suke yi a asibiti. A auna mita 10 a wuri mai tauri, a ja layi biyu, majinyaci ya taka yadda ya saba, a duba lokaci. Mai lafiya yana cinye su cikin daƙiƙa 8 ko kusa da haka, idan an haura 12 da rabi to saurin bai kai 0.8 ɗin nan ba. Gwaji na biyu: ya tashi daga kujera mai hannu, ya yi mita 3, ya juyo ya zauna. Dattijon da ya kai daƙiƙa 12 ko fiye ana lissafa shi cikin masu haɗarin faɗuwa. A makonnin farko kusan kowa zai wuce waɗannan lokuta, kada a tsorata, raguwarsu mako bayan mako ake nema. Wani ya tsaya kusa da shi ko da zai yi tangaɗi, kuma a yi da takalmi mai kama ƙafa, ba silifas ba. Sau ɗaya a mako ya isa. A rubuta a littafi da kwanan wata, a haɗa da yadda ciwo da kumburi suke. Idan mai gashi ya yarda, a ɗauki ɗan bidiyo daga gefe, ƙafafu suna fitowa sarai, a tura masa ta WhatsApp. Jikan da ke sakandare zai iya riƙe wannan aiki, kuma ya fi ɗauko buta amfani ga kakarsa.

Kada a ɗora wa kai taku 10,000 da ake yayatawa. Wannan adadi ya fito ne daga tallan wata na'urar ƙirga taku a Japan a 1965, ba don masu sabuwar gwiwa aka yanke shi ba. Wanda ya zaƙe a makon farko, gwiwa za ta kumbura ta yi zafi, ya kwana uku bai motsa ba. Gajeren tattaki sau da yawa a yini, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan bisa umarnin mai gashi, ya fi doguwar tafiya guda.

Akwai kuma abubuwan da babu na'urar ƙirga taku da za ta gani. Idan sha-raɓa ta kumbura tana ciwo, yana iya zama gudan jini ne a jijiya. Idan numfashi ya sarƙe ko ƙirji ya ɗaure farat ɗaya, gudan yana iya kaiwa huhu, wannan kuwa batun rai ne. Zazzaɓi tare da jan wuri, ko ruwa ko mugunya daga ɗinki, ko kasa taka ƙafar bayan an faɗi, duk ba a kwana da su. A nufi Babban Asibitin Gaya ko wanda ya fi kusa nan take, a kuma sanar da likitan da ya yi aikin.

Wanda aka ba na'ura mai aika bayanai yana da haƙƙin ya tambayi wa ke ganinsu, ina ake ajiye su, kuma har yaushe. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa. Na'urar da ta san lokacin tashinka da kwanciyarka ta san abu mai yawa a kanka.

Ma'aunan da ke cikin waɗannan na'urori ba su da tsada, ɗaliban injiniya suna sayensu su yi aikin kammala karatu. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana nan Wudil, a kan hanyar da majinyacin Gaya yake bi. Jami'ar Bayero tana horar da masu gashin ƙashi, Dala kuma tana da majinyatan. Idan waɗannan uku suka haɗa hannu, za a iya samar da na'ura mai jure zafi da ƙura, mai dogon caji, mai magana da Hausa, wadda aka gwada a kan rairayinmu da tsofaffinmu, a ba majinyaci aro na wata uku ya dawo da ita a ba wani.

Kafin a kai ga haka, idan kuna da wanda za a yi wa wannan aiki, kada ku bar asibiti sai kun samu amsar abu uku a rubuce: digiri nawa ake so gwiwar ta kai nan da mako shida, wane atisaye za a yi kuma sau nawa a yini, da lambar wayar da za ku kira idan awon da kuke yi a gida ya tsaya ko ya koma baya.